Lugga Ko Fasaha? Tsokaci Kan Haddar Baƙin Kalmomin Turanci

Duk wanda ya taɓa halartar taron ɗalibai a wannan jami'a tamu, musamman a lokacin da 'yan takarar ƙungiya ke neman ƙuri'a, ya san abin da kan faru idan wani ya hau dandamali ya sako wata zabgegiyar kalmar Turanci wadda kunne bai saba da ita ba. Nan take zaure zai ɗauki sowa da tafi, wasu su miƙe tsaye, wasu su yi ta dukan tebur. In ka dafa na kusa da kai ka ce, "Malam, me ya ce?" sai ya amsa maka da cewa, "Oho! Ai dai ka ji Turanci." Mai maganar kuwa, da za a tare shi a bakin ƙofa a ce ya faɗi abin da ya ce da Hausa, da an ga gumi.

Wannan al'ada ta farautar baƙin kalmomin Turanci, wato waɗanda ba safai ake jin su ba ko a bakin masu harshen, ita nake so in yi tsokaci a kanta. A da ƙamus ake buɗewa a bi shi shafi-shafi. Yanzu kuwa wayar hannu ce ke turo wa mutum kalma guda kowace safiya, ya haddace ta kafin ya karya kumallo, sa'an nan ya yini yana neman inda zai jefa ta. Ra'ayina shi ne, yadda muke yin wannan abu ɓarnar lokaci ce, kuma yana ɗauke mana hankali daga inda rauninmu na ainihi yake. Kada mai karatu ya zaci ƙyashi ne irin na ɗan sashen Hausa da ke jin haushin masu Turanci. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani, don haka bari in sauko daga kan nawa tudun in nuna shi tukuna.

Ina aji huɗu na sakandare na sayi littafin rubutu na musamman. Kowane dare sai in buɗe wani tsohon ƙamus da na gada daga yayana, in tsamo kalmomi biyar, sharaɗina guda shi ne kada ta zama kalmar da na taɓa ji. Wadda na fi alfahari da ita ita ce "floccinaucinihilipilification", mai haruffa 29, wadda aka harhaɗa daga kalmomin Latinanci huɗu, kowaccensu tana nufin abin da bai taka kara ya karya ba. Ma'anarta ita ce ɗaukar abu a matsayin banza. Na yi mako guda ina gwada furta ta a bayan ɗakin kwana, kuma har yau ban taɓa cin karo da ita a cikin wani rubutu ba, in ban da inda ake ba da labarin tsawonta.

Ana nan sai kawuna ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin masinja a wani ofishin gwamnati, kuɗin sallamarsa kuma suka maƙale. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, an ce kana jin Turanci. Rubuta mini takarda wadda in sun karanta za su san ba marar gata ba ne." Na ga ranar wanka ta zo. Na ɗauko littafina, na cika shafi biyu. Inda zan ce ba shi da kuɗi na sa "impecunious", inda kuma zan yabi aikinsa na ce ya yi wa gwamnati "egregious service", domin ƙamus ɗina ya nuna mini cewa wannan sifa tana nufin fitacce, wanda ya yi wa tsara zarra. Muka kai takardar tare. Akawun da ya karɓa, wani dattijo mai farin gemu, ya karanta ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Samari, haƙƙin kawunka ka zo nema, ko ƙararsa ka kawo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba." Ya ce, "Ka rubuta a nan cewa ya yi shekara 35 yana tabka mummunar ɓarna."

Abin da ban sani ba a ran nan shi ne, kalmar ta fito ne daga Latinanci, inda take nufin wanda ya fita daga cikin garke, kuma lalle da ma'anar yabo ta shigo Turanci a ƙarni na 16. Amma tun a wancan ƙarnin aka fara amfani da ita cikin gatse, har gatsen ya cinye ma'anar farko, yau ba a jingina ta sai ga mugun kuskure ko babban laifi. Wasu ƙamusoshin bisa tarihi suke jera ma'anoni, tsohuwa a sama, sabuwa a ƙasa. Ni kuwa ta saman na kwafa na rufe littafi. Da a ce ko sau ɗaya na taɓa ganin kalmar a cikin jimla, da ban faɗa wannan rami ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Sanin kalma ya wuce sanin fassararta. Akwai muhallin da take zama, akwai kalmomin da take tafiya tare da su, akwai kuma matsayin wanda ake faɗa wa ita. Mu ɗauki misali daga gida. Wanda ke koyon Hausa, in ya duba ƙamus, zai ga "mutu" da "rasu" da "yi wafati" duk abu guda suke nufi. To, ranar da ya zo ya ce maka jakinsa ya yi wafati, ko akuyarsa ta rasu, ka san ƙamus ya yaudare shi. Babu Bahaushen da aka zaunar aka koya wa wannan bambanci, ji ne da yawan ji. Haka abin yake a Turanci, har ma ya fi tsanani, saboda tarihin harshen. A shekarar 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da na shari'a har kusan shekara 300, Latinanci kuma yana riƙe da coci da makaranta. Shi ya sa Turanci ya tashi hawa uku: na gida, da na fada, da na malamai. Tambaya guda za ka iya yin ta da "ask", ko "question", ko "interrogate", amma ta ƙarshen sai ɗan sanda da wanda ake tuhuma. Galibin kalmomin da muke farauta daga hawa na uku suke, wato hawan da ya fi kowanne ƙa'idojin muhalli, mu kuwa mukan ɗauko su tsirara.

Wannan cuta ba a ƙasarmu aka fara ta ba, Turawan Ingila sun yi fama da ita tun kafin su san hanyar Afirka ta Yamma sosai. A ƙarni na 16, lokacin da ilmin Latinanci da Girkanci ya bunƙasa a can, marubuta suka shiga kwaso kalmomin waɗannan harsuna suna cusa wa Turanci babu ƙaƙƙautawa. Masu adawa suka laƙaba musu suna "inkhorn terms", wanda in za mu mayar da shi Hausa sai mu ce kalmomin kurtu, wato waɗanda ba su da mazauni sai kurtun tawadar malami. Thomas Wilson ya yi musu ba'a a littafinsa na ilmin balaga na shekarar 1553. Abin lura kuma shi ne, ɗaya daga cikin manyan masu adawar, John Cheke, shehun malamin Girkanci ne a jami'ar Kambirij. Wato wanda ya fi kowa sanin rijiyar da ake ɗebo kalmomin shi ne ya ce a rage ɗiba. Daga baya zamani ya yi tankaɗe da rairaya. Waɗanda suka toshe wani gurbi suka zauna, har yau ana amfani da irin su "celebrate" da "dismiss" ba tare da an san an taɓa yi musu kallon baƙi ba. Waɗanda ado kawai suka zo yi, irin su "eximious" da "illecebrous", suka bi ruwa. Abin dariya, irin waɗannan gawawwaki ne wani lokaci mukan tono mu rataya a wuya.

Ƙamus na farko na Turanci zuwa Turanci ma, wanda Robert Cawdrey ya wallafa a 1604, kalmomi kimanin 2,500 ne a cikinsa, dukkansu masu tsauri, an tara su don taimakon waɗanda ba su yi makarantar Latinanci ba. A 1623 Henry Cockeram ya ƙara gaba, ya ware wani sashe a ƙamusunsa inda mutum zai nemi kalma mai sauƙi a ba shi mai wuya ya maye gurbinta. Da na karanta wannan labari sai na ga ashe littafina na sakandare yana da kaka. Da Turanci ya iso Nijeriya kuma, bai bar wannan hali a gida ba, marubutanmu na Kudu kuwa sun daɗe da hango shi. A wasan kwaikwayon Ogali A. Ogali na 1956, "Veronica My Daughter", akwai Bomber Billy, wanda ba ya buɗe baki sai da manyan kalmomi. Wole Soyinka kuma, a "The Lion and the Jewel", ya kawo Lakunle, malamin makarantar ƙauye, wanda ya tashi kushe al'adar biyan sadaki ya yi ta jero sifofi har suka ƙare masa, ya kawo uzurin cewa ƙaramin ƙamus ne gare shi, babban bai iso ba tukuna. Mun karanta wannan wasa a makaranta mun yi dariya, ba mu gane da mu ake ba.

Me ya sa abin ke burge mu haka? Dalili na farko a fili yake. Tun zamanin mulkin mallaka Turanci ya zama mabuɗin aiki da muƙami, kuma inda yawancin jama'a ba sa jin harshe, wanda ya fi kowa wuyar fahimta shi ake ɗauka ya fi kowa sani. Dalili na biyu ya fi tsufa, kuma namu ne na gida. Tun kafin zuwan boko muna girmama mai lugga. Almajirin zaure da ya kai ga Muƙamatul Hariri, maƙamomi 50 da Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya cika da baƙin kalmomin Larabci, an san ya yi nisa. Ita kanta kalmar "ƙamus" daga sunan littafin Firuzabadi ta samo asali, Alƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewayewa. Sai dai mu duba yadda ake karatun. Almajiri yana karanto nassi, malam yana fassara masa kalma-kalma da Hausa, kowace baƙuwar kalma tana zaune a cikin labarinta, kuma ba a kai mutum can sai ya ƙoshi da nahawu da littattafan da ke ƙasa. Bugu da ƙari, su malaman balagar Larabci, kamar Ƙazwini a littafinsa Talkhis, sun lissafa baƙuntar kalma a cikin aibobin da ke hana ta zama fasihiya. Ana koyon lugga don a fahimci magabata. Mai yayyafa ta a cikin zance don a ce ya sani kuwa, a ma'aunin malaman nan, ya rage wa kansa fasaha ne. Mu 'yan boko mun gaji girmama luggar, mun bar sharuɗɗanta a zaure.

Bari mu koma ga lissafi, domin masana kimiyyar harshe sun ƙidaya abin nan. A jami'ar Brown ta Amurka an tara rubuce-rubucen Turanci iri-iri da aka buga a 1961, jimlarsu kalma miliyan ɗaya da 'yan kai. Da aka ƙirga sai aka tarar kalmar "the" ita kaɗai ta cinye kusan kashi 7 cikin 100, kalmomi 135 kacal kuma su ne rabin rubutun gaba ɗaya. A ɗaya gefen, kusan rabin kalmomin da suka bayyana sau ɗaya tak suka leƙo a cikin miliyan ɗin nan. Michael West, wanda ya koyar da Turanci a ƙasar Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, waɗanda su kaɗai sukan ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Sai dai kashi 80 ba ya isa a karanta abu a gane, domin kalma ɗaya ke nan cikin kowace biyar ta zama duhu. Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin ƙagaggen labari ba tare da ƙamus a gefe ba yana bukatar ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin, wannan kuwa yana nufin gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Gidan kalma shi ne saiwa da 'ya'yanta, kamar yadda karanta da karatu da makaranta da makaranci suke gida guda a Hausa.

To, tsakanin 2,000 ɗin nan da kowa ya fito da su daga sakandare da 9,000 ɗin da ake bukata, akwai wani makeken fili, kuma a nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe. Kalmomin wannan fili ba su da ƙwarjini, ba wanda zai yi maka tafi don ka furta su, amma su ne ke cikin takardar asibiti da ta kotu da ta banki. Ɗalibin da ya haddace sunan ciwon huhu mai haruffa 45, wanda wani shugaban ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa a Amurka ya ƙirƙira a 1935 don kawai ya zama mafi tsawo, sau da yawa in ka miƙa masa sakamakon gwajin ƙari daga asibiti ba zai iya gaya wa mahaifiyarsa bambancin "benign" da "malignant" ba, alhali ɗaya na nufin a kwantar da hankali, ɗaya kuma na nufin daji ne. Mun tsallake gangar jiki mun kama wutsiya.

Kai, ko ƙananan kalmomin da muke rainawa ma ba mu gama da su ba. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, wanda ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, aikatau "set" yana da ma'anoni 430. Da aka sake bitar "run" a 2011 sai aka samu 645. Haruffa uku-uku ke nan. Wannan batu ya shafe mu mu 'yan sashen Hausa fiye da kowa, domin da yawa daga cikinmu aikin fassara ne ke jiranmu, a gidan rediyo ko a kotu ko a majalisa. Mai fassara labarai zai gamu da "sanction", wadda a wani wuri takunkumi ce, a wani wurin kuma amincewa. Zai gamu da "table" a labarin majalisa, wadda a Ingila take nufin gabatar da ƙuduri, a Amurka kuma jingine shi. In ya kuskure, miliyoyin masu sauraro za su kwana da labarin da aka juya masa baya. Ban taɓa ganin ɗayan waɗannan a littafin haddar kowa ba, nawa ma babu su.

Wanda ke shakkar cewa hadda daban, sanin harshe daban, ya dubi wasan harhaɗa kalmomi na Scrabble. A 2015 Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya ci gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka, abin alfahari ne kuwa. A wannan shekarar dai Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya ci gasar duniya ta Faransanci a Beljiyam, bayan ya yi kimanin mako tara yana haddace ƙamusun wasan, alhali ba ya iya hira da Faransanci. A wurin wasa wannan bajinta ce, domin can siffar kalma ake nema. Amma ba wanda zai ɗauke shi tafinta. Har ila yau, ko burgewar da muke nema ba ta samuwa a wurin waɗanda suka san harshen. Daniel Oppenheimer na jami'ar Princeton ya wallafa wani bincike a 2006, inda ya ɗauki rubuce-rubuce ya musanya kalmominsu da dogaye masu ma'ana ɗaya, ya ba mutane su auna. Masu karatun sun fi ɗaukar marubutan da aka ƙawata wa rubutu a matsayin masu ƙarancin basira. Hukumar da ke shirya jarrabawar SAT ta shiga jami'o'in Amurka ma, wadda ta daɗe tana sa yara haddar baƙin kalmomi, ta sauya tsari a 2016 ta koma gwada fahimtar kalma a cikin muhallinta. Mai son shaida daga gida kuwa ya nemi jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya saurara, ko ya sake buɗe littafin Chinua Achebe na 1958, ya ƙirga sau nawa zai bukaci ƙamus.

Na san wani zai ce, to, ashe so kake mu zauna da Turancin firamare? Ko kusa. Akwai baƙuwar kalmar da ta cancanci a nema, ita ce wadda ta zo da abin da babu mai ɗauke shi sai ita. Ƙamshin nan da ƙasa ke yi idan ruwan fari ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, wanda duk ɗan ƙasar Hausa ya san shi a hancinsa, Turanci bai da suna guda gare shi sai a 1964, da wasu masana kimiyya biyu na Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, suka ƙirƙiro "petrichor". Wannan ta biya kuɗin sabulu. Haka "serendipity", wadda Horace Walpole ya ƙaga a 1754 daga Sarandib, tsohon sunan tsibirin Siri Lanka, don dacen da mutum kan yi ya tsinci alherin da ba shi ya fita nema ba, abin da ya yi kusa da gamon katar a wurinmu. Likita da lauya da injiniya kowa da luggar sana'arsa, dole ya san ta. Akwai kuma daɗin da mai son harshe kan ji idan ya bi sawun kalma har zuwa tushenta, ni ma ina jin sa, ba zan hana kowa ba. Wanda ma ya koyi 'yan saiwoyin Latinanci da Girkanci da ɗafe-ɗafensu, ya san "bene" alheri ne "mal" kuma sharri, ya riƙe mabuɗin ɗaruruwan kalmomi, har da waɗancan biyu na takardar asibiti. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko kalma don baƙuntarta kaɗai. Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu mai sauƙi ne: in na ci karo da kalma a cikin karatu, sai na iya faɗin jimlar da Hausar da kakata za ta gane kafin in ce na san ta. Sau da yawa a wurin wannan gwaji ne nake gano cewa a bayan ƙatuwar kalmar babu komai sai "talaka" ko "ƙarya" ko "gajiya".

Wani abin da ya fi ba ni kunya shi ne wanda na gano bayan na shigo wannan sashe. Ranar da aka tura mu ɗakin karatu mu duba ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, na buɗe shafi guda na ƙirga waɗanda na sani, ba su kai rabi ba. A ƙarƙashin "ƙato" kaɗai ya jero kalmomin girma masu ɗimbin yawa, galibinsu ban taɓa ji ba. Ni da nake taƙama da sunan ciwon huhun Turawa, ban iya bambanta akawal da kili da bidi da gunya a cikin dawaki ba. Ban san allera a masaƙa ba, ban san katsi a karofi ba. Waɗannan su ne baƙin kalmomin da ke hannunmu amana. Kalmar Turanci in ta tsufa tana da masu yi mata hidima, tun 1857 aka fara shirin ƙamusun Oxford kuma har yanzu ana aikinsa. Kalmar marina ko ta masaƙa kuwa, in dattijon da ke riƙe da ita ya kwanta dama ba a rubuta yadda yake amfani da ita ba, sai dai a ga gawarta a Bargery. Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi kukan wannan sakaci a waƙarsa "Hausa Mai Ban Haushi", kuma duk wanda ya nazarci diwaninsa Fasaha Aƙiliya ya ga yadda gwani kan ɗauko kalmar da ta yi nisa ya ajiye ta inda babu wadda za ta zauna sai ita.

Ina da roƙo ga malamanmu, tare da girmamawa. Wasu daga cikinmu sun ɗauki wannan hali ne saboda sun lura jan biro yakan yi sassauci a kan takardar da ta sha manyan kalmomi. In malami ya ja layi a ƙarƙashin irin wannan kalma ya rubuta a gefe, "Me kake nufi?", mako biyu ya isa a daina. A darasin fassara kuma, da za a riƙa kawo mana takardun gaske, irin takardar da ke cikin kwalin magani, da sammacin kotu, da yarjejeniyar bashin banki, a ce mu mayar da su Hausa, da kowa ya ga iyakar Turancinsa da ta Hausarsa a zama ɗaya. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ma tana iya ɗora wa kowane memba ya dawo daga hutu da kalmomi goma na wata sana'a ta garinsu, kowace da jimlar da aka ji ta a ciki da sunan garin da aka ji ta.

Game da takardar kawu, dattijon nan bai kore mu ba. Ya ba ni farar takarda ya ce in zauna a kan benci in rubuta sunan kawuna, da lambar fayil ɗinsa, da ranar da ya fara aiki, da ranar da ya bari, da abin da yake bi. Layi bakwai ta kama. Bayan wata biyar kuɗin suka fito. Kawu dai har gobe bai yarda ba, cewa yake ta farkon ce ta girgiza su, domin ta fi tsawo, kuma ya ga yadda akawun ya cire tabarau. Ya karɓe ta daga hannuna tun a ran nan, tana cikin akwatinsa tare da takardun gona.